Ƙishirwar Alkama: Abin da Haske Ke Tonawa Kafin Ganye Ya Yi Yaushi

Damina a Adar gajeriya ce. Ruwan da Tahoua da garuruwan arewacinta irin su Affala ke samu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Alkama kuwa, a lissafin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana shan milimita 450 zuwa 650 daga shuka zuwa girbi. Ga shi ba ta son zafi, sai cikin sanyin hunturu take yi, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Ke nan duk ruwan da za ta sha sai an ɗebo shi daga rijiya, tabki ko madatsa. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, saboda haka hekta guda ta alkama kan lashe lita miliyan biyar ko fiye kafin a kai buhu gida.

Shi ya sa ba ko'ina ake noma ta ba. A jihar Tahoua an fi saninta a filin noman rani na Birnin Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda madatsun Mozague da Zongo na kwarin Majiya ke shayarwa. Ana kuma yin ta a garaken tsaunukan Azbin, da Kadawa ta jihar Kano inda madatsar Tiga ke ba da ruwa. A duk waɗannan wurare tambayar manomi ɗaya ce: yaushe zan yi ban ruwa, kuma nawa ya isa? Idan ya yi yawa, an yi asarar mai da ruwa, taki ya zurare ƙasa, saiwa ta shaƙe. Idan aka jinkirta, musamman sa'ad da alkama ta yi ciki, ta fid da kai, ko tana cika ƙwaya, zangarniya za ta fito da tsaba 'yar motsattsiya, kuma ruwan da za a zuba daga baya ba ya mayar da abin da aka rasa. Manomi yana duban ganye ne, amma kafin ganye ya nannaɗe ko ya yi yaushi, shukar ta riga ta jima tana wahala.

A nan ne masana suka koma ga haske. Hasken rana da ke sauka a kan ganye kashi uku yake rabuwa: wani ganyen ya shanye, wani ya ratsa ya wuce, wani kuma ya dawo sama. Ganye mai lafiya yana shanye ja da shuɗi don ya haɗa abincinsa, ya mayar da ɗan kore, shi ne muke ganinsa kore. Sai dai idon ɗan Adam yanki kaɗan yake gani, tsakanin nanomita 400 da 700 a ma'aunin tsawon zangon haske. Gaba da ja akwai wani haske ɓoyayye, infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800, kuma a cikinsa labarin ruwa yake.

A wajen nanomita 850, ganye mai ƙoshi yana mayar da kusan rabin hasken da ya sauka a kansa, ruwan cikinsa bai cika taɓa wannan ba. Amma a 970, 1,200, 1,450 da 1,940 ruwa yana shanye haske, kuma shanyewar tana ƙaruwa in aka yi gaba. Ganyen da ya cika da ruwa duhu yake yi a idon na'ura a waɗannan wurare, wanda ya fara bushewa kuma sai ya yi haske. Tururin da ke sararin sama yana tare hasken 1,450 da 1,940, don haka taurarin ɗan Adam suna aunawa a kusa da su, wajen 1,600 da 2,200, inda hanya take a buɗe.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki misali: fangali biyu na alkama, dukansu kore shar a ido. Na farko ya mayar da kashi 40 cikin ɗari na hasken 850, da kashi 20 na hasken 1,600. A cire 20 daga 40, a raba da jimillarsu 60, a sami 0.33. Na biyu ya mayar da 36 da 28, lissafinsa ya ba da 0.13. Wanda adadinsa ya faɗi shi ne ruwa ya yi wa ƙaranci. Irin wannan awo ne Bo-Cai Gao ya wallafa a 1996 da sunan NDWI, da hasken 860 da 1,240, a kan tsarin NDVI da aka fara amfani da shi a Amurka tun farkon shekarun 1970 don auna yawan tsanwan ciyayi.

Akwai hanya ta biyu, ta auna zafin ganye. Shuka mai wadatar ruwa tana fitar da tururi ta ƙananan ƙofofin ganyenta, wannan ke sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafowar jikinta. Da ƙishirwa ta kama ta sai ta rufe ƙofofin, ganyen ya ɗumama. Ray Jackson da Sherwood Idso da abokan aikinsu sun gwada haka a kan alkama a Arizona a 1977, a ƙasa mai fari da noman rani. Zafin ganye yakan riga raguwar ruwan ganye bayyana, shi ya sa masana ke son haɗa hanyoyin biyu.

Abin da ya sauya lamarin ga talaka shi ne hotunan taurarin ɗan Adam sun zama kyauta. Amurka ta buɗe taskar Landsat ga kowa a 2008, shirin da ke ɗaukar hoton duniya tun 1972. Turai ta harba Sentinel-2A a 2015 da Sentinel-2B a 2017, taurarin wannan shiri suna shawagi kilomita 786 daga ƙasa, kuma duk kwana biyar sai sun bi ta kan kowace gona. FAO ta buɗe shafin WaPOR a 2017, inda ake ganin ƙiyasin ruwan da amfanin gona ya sha a faɗin Afirka. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take bin sawun damina da amfanin gona a ƙasashen Sahel tana horar da ma'aikata.

A fili irin na Ƙonni amfanin a bayyane yake. Inda manoma da yawa ke shan ruwa daga magudana ɗaya, waɗanda ke kusa da bakin ruwa sukan ƙoshi, na ƙarshen layi su yi ta jira. Kowa yana da nasa bayani a taron ƙungiya, amma taswirar da ke nuna gonakin da suka bushe mako bayan mako shaida ce da ba ta da ɗan'uwa a cikin taron. Tana taimaka wa hukumar noman rani ta ƙasa, ONAHA, da ƙungiyoyin manoma su gyara jadawalin rabon ruwa, su gano magudanar da ta toshe ko take yoyo, su kuma san faɗin da ruwan madatsa zai iya ɗauka a rani, tun da yashi da laka na cike madatsu a hankali.

Amma kada a ɗauka tauraro ya gama magana. Ɗigon hoto ɗaya na Sentinel-2 a hasken da ke nuna ruwa mita 20 ne tsawo da faɗi, murabba'in mita 400. Garka 'yar ƙarama a fadamar Affala ko bakin tabkin Tabalak, mai albasa a nan, tumatir a can, da shingen ƙaya da bishiya a tsakiya, tana iya haɗuwa cikin ɗigo ɗaya ko biyu, lissafin ya cakuɗe. Hazon hunturu ma cikas ne, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana tasowa daidai lokacin noman alkama. A makonnin farko, kafin ganye ya rufe ƙasa, na'urar ƙasa take gani fiye da shuka. Sannan adadin yana iya faɗuwa saboda ƙarancin taki, tsatsar ganye, gishirin ƙasa, ko don alkamar ta kusa nuna. Hoton yana nuna wurin da matsala take, dalilinta sai wanda ya taka gonar.

Don haka dole a riƙa gwada hoto da gona. Malamin gona ya yanki alkamar murabba'in mita ɗaya ranar da tauraron ya wuce, ya ɗora ta a sikeli tana ɗanya, ya busar da ita a tanda kwana biyu, ya sake aunawa. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan da ke jikinta. In aka yi haka a gonaki da dama, a matakai daban-daban na girma, za a san abin da 0.33 ko 0.13 ke nufi ga irin alkamarmu a ƙasarmu, domin awon da aka daidaita a Arizona ko Indiya ba lallai ya dace da Majiya ba.

Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tahoua da masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, za su iya ɗauka, kuma bai fi ƙarfin sikeli, tanda, kwamfuta da intanet ba. Manomi ba ya buƙatar sanin nanomita. Abin da yake so shi ne saƙo cikin Hausa ko Tamashek, ta waya ko gidan rediyon karkara, mai cewa gonakin sashe kaza su sha ruwa kafin jibi. Rigakafi ya fi magani, kuma a ƙasar da kowace lita sai an saye ta da mai ko da ƙarfin hannu, sanin ƙishirwar shuka da wuri riba ce ga mai alkama, ga mai albasa, har ga rijiyar da garin ke sha. Ƙungiyoyin manoma su nemi waɗannan taswirori daga ma'aikatan gona, su kuma buɗe gonakinsu ga masu awo, don a sami lissafin da ya dace da Adar.