Tausar ciki: amfaninta da iyakarta

A Dirku mun san tausar da tsofaffi suke yi wa mai jego. Ungozomomin ƙabilar Maya, can ƙasar Meziko, su ma sun gaji irinta. Tausa mai sauƙi tana rage gajiya, tana kwantar da hankali. Bayan faɗuwar mabiyiya, murza mara yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ma'aikatan asibiti ma suna yin haka.

Amma danna cikin mai naƙuda da ƙarfi yana iya fasa mahaifa. Ciki mai tauri da zazzaɓi, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ya wuce tausa. Mu kai mace asibiti nan take, domin in sai an tura ta gaba, hanyar Bilma rairayi ce, Agadas kuwa ta fi kilomita 500.