Manhajojin Bayan Fage da Sauƙaƙa wa Kwamfuta Kaya

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba matsalar da ɗalibin Hausa kan ci karo da ita idan ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar tebur. Misalinmu shi ne shagunan buga takardu na Zangon Kwatano, kusa da kasuwar Dantokpa. Ta tashar jiragen ruwan Kwatano ake shigo da kayan gwanjo daga Turai, har Hausawa kan kira tsohuwar mota "'yar Kwatano". Kwamfutoci ma haka suke zuwa, da shekarunsu.

Mene ne manhajar bayan fage?

Ita ce manhajar da ke tashi da kanta da zarar an kunna kwamfuta, ta ci gaba da aiki ba tare da an gan ta ba. Akwai mai jera takardun da za a tura wa firinta, da mai sabunta manhajoji ta intanet, da mai riga-kafin cututtukan kwamfuta. Kowacce tana cin rabonta na ƙwaƙwalwar RAM. Windows XP, wadda ta fito a 2001, tana iya tashi da megabait 64 kacal, amma in manhajojin nan suka yi yawa sai na'ura ta riƙa jan ƙafa.

Ra'ayoyi biyu

Wasu masu gyara sun ce a kashe duk abin da ba dole ba. Wasu kuma sun ce garin neman gira ake rasa ido: wanda ya kashe mai jeran takardu, firintarsa ba za ta buga ko shafi ɗaya ba.

Ga ɗalibi kuwa akwai ƙarin magana. Allon rubutun da aka fi samu a Benin na Faransanci ne, ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Manhaja irin Keyman, wadda ke ba da waɗannan haruffa masu lanƙwasa, ita ma a bayan fage take aiki. In an kashe ta, "baƙi" zai koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa", ma'ana ta lalace.

Kammalawa

Saboda haka, ba yawan manhajoji ake ƙirgawa ba, amfaninsu ake aunawa. Kafin ɗalibi ya kashe wata, ya tambayi kansa: wane aikina ne zai tsaya? Sannan ya kashe su ɗaya bayan ɗaya, yana gwada na'urar, yana rubuta abin da ya taɓa domin ya iya mayar da shi.