Tsakanin Adamasingba da Ƙofar Jami'a: Abin da Ke Sa Manyan Jami'o'i Ja da Baya Daga Gasar Ƙwallo

Unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa fataken goro da shanu tun a shekarar 1916, tana zaune ne tsakanin wasu cibiyoyi biyu da kowaccensu ta yi suna a Nijeriya, amma da ƙyar suke ga-maciji. A gefe guda akwai filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, wanda aka buɗe a 1988, gidan ƙungiyar Shooting Stars da ta riga kowace ƙungiya ta ƙasar nan ɗauko kofin nahiyar Afirka a 1976, kuma kusancinsa da unguwar ya kai ga ɗan canji da mai tsire suna jiyo ihun 'yan kallo ranar babban wasa ba tare da sun bar wurin sana'arsu ba. A ɗaya gefen kuma, idan aka bi ta Mokola aka wuce Sango, akwai Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1962. Yaron Sabo da Allah ya ba shi ƙafar taka leda yana iya shiga ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu, sai dai da wuya ya shiga dukansu, domin an gina kowacce ba tare da la'akari da 'yar'uwarta ba.

A Amurka lamarin ya sha bamban, don can jami'a ita ce babbar hanyar zama ƙwararren ɗan wasa, musamman a ƙwallon zari-ruga irin tasu, wadda ake rungume ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita ana ture abokan hamayya. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma gidajen talabijin suna biyan biliyoyin daloli domin nuna wasannin ɗalibai. Idan kakar wasa ta ƙare a ƙarshen Nuwamba, sai a shiga abin da ake kira wasannin bayan kaka, wato manyan karawa na musamman da zagayen sili-ɗaya-ƙwale da ake fitar da zakaran ƙasa a cikinsa, kuma nan ne kuɗi da suna suke. Duk da haka jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, wato Harvard da Yale da Princeton da Columbia da Pennsylvania da Brown da Dartmouth da Cornell, sun shafe kusan shekara tamanin suna ƙin shiga wannan fage.

Abin mamakin shi ne su ne iyayen gidan wasan. Princeton ce ta buga wasan farko na jami'o'i da Rutgers a 1869, Yale ta gina fili mai ɗaukar mutum kusan 70,000 a 1914, Harvard ta ci babban wasan Rose Bowl a 1920, Columbia kuma ta ci shi a 1934. Amma tun da wuri wasan ya fara nuna halinsa: a 1905 'yan wasa da dama sun mutu sakamakon raunukan fili, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar gwamnati ya ja musu kunne, kuma daga wannan rikici aka haifi hukumar da ta zama NCAA mai kula da wasannin jami'o'i. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto da ya fallasa yadda jami'o'i ke zawarcin 'yan wasa suna biyansu a ɓoye da sunan ɗalibta. A 1945 shugabannin jami'o'in takwas suka sa hannu a yarjejeniya kan ƙwallon, suka faɗaɗa ta zuwa sauran wasanni a 1954, kuma ginshiƙanta su ne cewa ba za a ba kowa tallafin karatu don ƙwarewarsa a wasa ba, ɗan wasa zai cika sharuɗɗan karatu kamar kowane ɗalibi, sannan ba za a buga wasan bayan kaka ba.

Hujjar da aka fi bayarwa ita ce jarrabawa, tun da wasannin bayan kaka suna faɗowa a Disamba, lokacin da ɗalibai ke rubuta ta ƙarshen zango, shi ya sa ma kakarsu ta tsaya a wasa goma kacal. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta isa ba, domin waɗannan jami'o'i sun daɗe suna barin ƙungiyoyinsu na ƙwallon kwando da sauran wasanni su shiga gasar ƙasa ana tsaka da karatu. Abin da suka fi tsoro shi ne sarƙar da zari-ruga ke ɗaure jami'a da ita. Ƙungiya ɗaya tana buƙatar 'yan wasa kusan ɗari, wanda kuma ke neman kofin ƙasa dole ya nemo mafi ƙarfi da mafi gudu, don haka sai ya sassauta ma'aunin shiga jami'a saboda su, ya ɗauko mai horarwa da albashinsa ya zarce na shugaban jami'ar, ya kuma miƙa wuya ga tsoffin ɗalibai masu hannu da shuni da gidajen talabijin da ke tsara ranar wasa. A taƙaice, ikon zaɓen wanda zai shiga jami'a yakan suɓuce daga hannun malamai ya koma hannun masu neman nasara a fili, kuma wannan ikon shi ne ainihin jarin irin su Harvard. Jami'ar Chicago ma ba ta tsaya wata-wata ba, shugabanta Robert Hutchins ya soke wasan ɗungurungum a 1939, kuma a ƙarƙashin kujerun filin da aka yi watsi da shi ne masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da sarƙar makamashin nukiliya ta farko da ɗan'adam ya sarrafa, a Disamban 1942.

Ya kamata a faɗi gaskiya, irin wannan kamun kai sai mai wadata. Asusun ajiyar Harvard ya haura dala biliyan 50, saboda haka ba ta buƙatar kofi kafin a san da ita, alhali jami'ar jiha da ke fafutukar neman ɗalibai da gudummawa tana ganin ƙwallo a matsayin tallar da babu kamarta. Haka kuma akwai jami'o'i masu nauyin ilimi kamar Stanford da Northwestern da suke shiga wasannin bayan kaka ba tare da darajarsu ta zube ba, abin da ke nuna cewa a matsayin Ivy League akwai aƙida, akwai kuma jan aji. A Disamban 2024 shugabannin Ivy League suka sassauto bisa buƙatar ɗalibai 'yan wasa, suka amince ƙungiyoyinsu su shiga zagayen fitar da zakara na rukuni na biyu daga kakar 2025, amma sun riƙe haramcin tallafin karatu don wasa, sun kuma ƙi shiga sabon tsarin da ya ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasa kimanin dala miliyan 20 a shekara.

Jami'ar Ibadan ba ta taɓa zama ta yanke irin wannan shawara ba, domin gado ta yi daga Ingila, inda ƙwararrun 'yan ƙwallo ke fitowa daga ƙungiyoyin gari, jami'a kuma ta ɗauki wasa a matsayin motsa jiki da gina tarbiyya. Ba ta ƙyamaci wasanni ba, hasali ma a harabarta aka fara gasar jami'o'in Afirka ta Yamma a 1965, aka kuma fara ta jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a 1966. Sai dai gasar da aka tsara yi duk shekara biyu takan yi ta jan ƙafa saboda rashin kuɗi da yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya ci wata takwas, har aka samu tazarar shekara biyar tsakanin wadda aka yi a Makurdi a 2017 da ta Legas a 2022. Gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu da aka soma a 2018 ta ɗan farfaɗo da sha'awa, amma ba ta zama kasuwar da ƙungiyoyin Firimiyar Nijeriya ke zuwa cefanen 'yan wasa ba. Waɗanda suka haɗa biyun, irin su Segun Odegbami da ya karanta aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan ya kuma haskaka a Shooting Stars, ko Adokiye Amiesimaka da ya karanta lauya a Jami'ar Legas yana cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a 1980, da ƙoƙarin kansu suka yi, shi ya sa har yau ake ƙirga su da yatsu.

Wanda ke biyan farashin wannan rabuwa shi ne matashi irin na Sabo. Da safe yana makarantar boko, da yamma yana Islamiyya ko shagon maigidansa, ƙwallo kuwa sai abin da ya samu tsakanin la'asar da magariba, a filin makaranta ko wani lungu da aka dasa duwatsu biyu a matsayin raga. Idan ya kai shekara goma sha shida sai hanya ta rabu: ko ya duƙufa neman maki 200 ko fiye a jarrabawar JAMB, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Jami'ar Ibadan ke saurara, ko ya bi wani dillali da ya yi masa alkawarin gwaji a ƙasar waje, inda karaya ɗaya a gwiwa ta isa ta mayar da shi gida ba sana'a ba takarda. Jami'ar ta yi daidai da ta ƙi rage ma'auninta saboda ƙwallo, kuma babu mai hankalin da zai so a kwaso wa Nijeriya cinikin ɗalibai irin na Amurka. Inda ta gaza shi ne, jami'o'in Ivy League da suka ƙi kofi sun tanadar wa wanda ya cancanci shiga fili mai kyau da mai horarwa da likita da jadawalin da ba ya karo da darasi, su kuwa jami'o'in Nijeriya sun bar ɗalibi ɗan wasa ya ji da kansa. Ya rage wa hukumar jami'ar da gwamnatin Jihar Oyo mai ƙungiyar Shooting Stars su zauna su tsara yadda ɗalibi zai yi atisaye a Adamasingba ba tare da ya rasa zangon karatu ba, su kuma shugabannin al'ummar Sabo da iyaye su dage kada yaro ya sa hannu a takardar wani dillali kafin ya kammala sakandare.