Sauya Gilashin Gefen Mota Idan Ya Fashe

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a manyan birane irin su Legas da Badun da Fatakwal, ya saba ganin motar da aka toshe tagarta da leda ko kwali, aka manne da salatif. Wata ɓarayi ne suka fasa ta a cikin cunkoso domin su wafce waya ko jaka, wata dutse ne ya tashi daga ƙarƙashin tayar babbar mota, wata kuwa mai motar ne ya kulle makullinsa a ciki, ya rasa dabara sai fasawa. Ko ma mene ne sanadi, da zarar abin ya faru sai hankalin mai mota ya koma kan yadda zai toshe tagar cikin sauri kuma da araha. A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, domin sun ɗauka gilashi duk gilashi ne. Gilashin gefen mota kuwa yana cikin kayan kare rai, kamar birki da bel ɗin kujera, kuma duk wanda ya san yadda aka ƙera shi ba zai yarda a sa masa kowane iri ba. Wannan muƙala za ta yi bayanin irin gilashin, da yadda ake zaɓen sabo, da kuma yadda ake ɗaura shi.

Gilashin mota iri biyu ne

Gilashin gaba da na gefe ba ƙira ɗaya ba ce. Na gaba falle biyu ne aka haɗa, aka sa wata siririyar roba a tsakaninsu wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Idan dutse ya same shi sai ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, amma robar ta riƙe gutsattsarin. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Faransa mai suna Edouard Benedictus ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1909.

Na gefe kuwa, a mafi yawan motocin da ke kan titunan Nijeriya, falle ɗaya ne wanda aka gasa, mai kaurin milimita 3 zuwa 5. Yadda ake yin sa shi ne, sai an gama yanka gilashin daidai da siffar ƙofa, an goge bakinsa, an huda ramukan da ake buƙata, sa'annan a shigar da shi tanda a gasa shi da zafin da ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan sai a fito da shi a feshe shi da iska mai sanyi ta fuska biyu a lokaci guda. Bayan gilashin yakan riga cikinsa hucewa ya daskare. Shi kuma cikin, yayin da yake hucewa sannu a hankali yana tsukewa, sai ya janyo bayan ya matse shi tam. Wannan matsi shi ke sa gasasshen gilashi ya ninka gilashin taga na gida ƙarfi sau 4 zuwa 5.

Sai dai ƙarfin nan yana da lago. Cikin gilashin a ɗame yake kamar tsirkiyar baka. Idan wani abu mai tsini da tauri ya huda bayan ya isa cikin, ko aka ɓantare bakinsa, sai duk ƙarfin da ke daure ya kwance lokaci guda, gilashin ya ruguje gaba ɗaya ya koma ƙanana kamar tsakuwa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙato zai iya naushin gilashin bai fashe ba, amma ɗan ƙaramin abu mai tsini ya watsa shi. Da gangan aka ƙera shi haka, domin ƙananan gutsattsarin ba su da kaifin da zai yi wa mutum mummunan yanka. Ƙa'ida ta 43 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai da Japan ke aiki da ita, ta shar'anta cewa idan aka fasa irin wannan gilashi wajen gwaji, a sami aƙalla gutsure 40 a cikin fili mai faɗin santimita 5 da tsawon santimita 5.

Daga wannan bayani za mu fahimci abu guda mai muhimmanci: gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Ba a rage shi, ba a huda shi, ba a kankare bakinsa domin ya shiga. Saboda haka duk wanda ya ce zai yanko maka gilashin ƙofa daga wani babban falle, to, ko dai gilashin gida zai ba ka, ko guntun gilashin gaba, ko farar roba mai kama da gilashi. Gilashin gida idan ya fashe yakan tashi dogaye masu kaifi kamar wuƙaƙe, kuma daidai wuyan mai zama a kujera tagar take. Farar roba kuwa takan dusashe da rana da ƙurar hunturu har direba ya daina ganin madubin gefe sosai, kuma ba ta fasuwa da sauƙi ranar da ake neman hanyar fito da mutum daga motar da ƙofofinta suka maƙale.

Akwai wani sauyi da ya kamata a sani. A shekarar 2011 gwamnatin Amurka ta fitar da ƙa'idar rage yawan mutanen da mota ke cillowa waje ta taga idan ta kife, kuma kamfanoni da dama sun koma sa gilashi mai falle biyu a ƙofofi, musamman na gaba. A shekarar 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta bayyana cewa kusan kashi 1 cikin 3 na samfuran motocin 2018 suna da irin wannan gilashi a gefe, kuma 'yan gudumomin fasa gilashi da ta gwada ba su iya fasa shi ba. Tun da yake motocin Amurka na hannu suna shigowa ƙasar nan da yawa, wajibi ne mai mota ya san irin wanda ke jikin tasa, ya mayar da irinsa.

Abin da za a fara yi

Kafin komai, kada a taɓa makunnin gilashin ko a juya mariƙinsa, domin injin ɗaga gilashi zai niƙa ɓaraguzan da suka zuba cikin ƙofa, ya lalata wayarsa ko haƙoransa. A sa safar hannu mai kauri, a kwashe manyan gutsattsari, sa'annan a bi kujeru da ƙarƙashinsu da saƙon da bel ke shiga da injin zuƙe ƙura. A kula musamman da wurin zaman yara. Idan sata ce, a ɗauki hoto a kai rahoto ofishin 'yan sanda kafin a share. Mai cikakkiyar inshora yana iya neman kamfaninsa ya biya, amma ƙaramar inshorar da akasarin direbobi ke yanka ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya.

Idan ba za a sami gilashi a ranar ba, a rufe tagar da farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta. Kwali ko baƙar leda a tagar direba haɗari ne, domin suna rufe madubi da mahaɗar hanya. Kada kuma a bar salatif ya kwana biyu a kan fenti cikin zafin rana, saboda ƙaronsa yakan kama har ya ɗago fentin.

Zaɓen sabon gilashi

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Kafin a doshi kasuwar kayan mota, ko Ladipo ce a Legas, ko Agodi Get a Badun, ko Nkwo a Nnewi, ko Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tabbatar an san sunan motar da samfurinta da shekarar ƙirarta, da ko ƙofar gaba ce ko ta baya, ta dama ko ta hagu. Misali, Volkswagen Golf mai ƙofa biyu a gefe guda da mai ƙofa ɗaya a gefe guda, gilashinsu na gaba ba tsawo ɗaya ba ne, ko da kuwa shekararsu ɗaya. Lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ita ce ta fi raba gardama.

Abu na biyu shi ne tambarin da ke kusurwar ƙasa ta gilashin. A duba na ɗaya ƙofar da ba ta fashe ba, a kwatanta. Gilashin ƙwarai yana ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi, kamar Pilkington ko Saint-Gobain Sekurit ko AGC ko Fuyao, da kuma alamar amincewa. Harafin E a cikin da'ira tare da lamba yana nuna ƙasar da ta gwada gilashin ta amince da shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Kusa da shi za a ga 43R, wato ƙa'idar nan ta 43. Na Amurka kuwa yana da DOT da lamba, sai AS1 a gilashin gaba, AS2 a na gefe, AS3 a mai duhu na baya. Tambarin gaskiya a gashe yake a jikin gilashi, farce ba ya kankare shi. Wata dabarar kuma, idan aka dubi gasasshen gilashi a rana da tabarau mai kashe ƙyalli, akan ga wasu ɗigo-ɗigo ko layuka a jikinsa, sawun iskar da aka sanyaya shi da ita ke nan.

Gilashin da aka ciro daga tsohuwar mota, wanda 'yan kasuwa ke kira na Beljiyam ko tokumbo, ba shi da laifi matuƙar bakinsa lafiya lau yake. A shafa gefunan da yatsa a hankali. Idan an ji ɓantara komai ƙanƙantarta, a ajiye shi, domin daga nan zai tashi wata rana a cikin gargada.

Sai batun launi. Ƙa'idar ƙasashen da ke ƙera motoci ita ce gilashin ƙofar gaba ya bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce. A Nijeriya kuma akwai dokar hana duhunta gilashin mota ta shekarar 1991. A shekarar 2025 rundunar 'yan sanda ta sake taso da maganar takardar izini, har Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta kai batun kotu. Wanda ya mayar da irin launin da motarsa ta zo da shi ya rage wa kansa tsayawa a shingen hanya.

Yadda ake ɗaurawa

Aikin yakan ɗauki gwani awa 1 zuwa 2. Ko mai mota ba zai yi da hannunsa ba, yana da kyau ya san matakan domin ya sa ido a gareji.

Da farko akan cire murfin ƙofa na ciki. Sukurorinsa sukan ɓuya a bayan mabuɗin ƙofa da cikin madafar hannu, sauran jikin kuwa 'yan maƙalai ne na roba da ake ɓamɓarowa a hankali. Idan motar tana da jakar iska ta gefe, a cire kan batir a jira wasu mintoci kafin a taɓa wayoyin cikin ƙofa.

Bayan murfin akwai wata leda da aka manne a jikin ƙarfe. Yaran gareji da yawa sukan yage ta su yar, suna ganin ba ta da amfani. Amfaninta kuwa babba ne. Duk lokacin da aka yi ruwa ko aka wanke mota, ruwa yakan bi jikin gilashi ya gangara cikin ƙofa, ya fita ta wasu ƙananan ramuka da ke ƙasanta. Ledar ce ke hana shi jiƙa murfi da sifika da makunnai. A ɗaye ta a hankali, a ajiye domin a mayar.

Mataki na gaba shi ne shara, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci. Dole a zuƙe duk ɓaraguzan da ke gindin ƙofa, a buɗe ramukan fitar ruwa, a bi robar da gilashi ke gudu a cikinta da buroshi, a kuma cire ragowar tsohon gilashi daga mariƙan injin. Idan aka bar su, ƙofa za ta riƙa kacau-kacau a kan hanya, ruwa ya kwanta ya ci gindinta da tsatsa, gutsuren da ya maƙale a roba kuma ya karce sabon gilashi tun ranar farko.

Daga nan sai a mayar da batir na ɗan lokaci, a sauko da injin daidai inda notocinsa ke bayyana ta ramukan jikin ƙofa. A zura gilashin ta sama a karkace, goshinsa na gaba yana kallon ƙasa, sa'annan a miƙar da shi ya shiga hanyoyinsa na gaba da baya, ya zauna a kan mariƙai. A ɗaura notocin sako-sako tukuna, a ɗaga gilashin ya rufe ruf domin ya daidaita kansa, kana a ƙara ɗaurewa ba tare da matsawa fiye da kima ba. Kada a yarda ƙarfe ya taɓa gilashi kai tsaye ba roba a tsakani.

Kafin a mayar da murfi, a ɗaga a sauke sau da yawa. Idan yana tafiya da nishi, ko yana karkata, ko ya bar kafa a sama, to bai zauna ba. Motocin da gilashinsu ke tashi da taɓawa ɗaya sukan manta iyakarsu idan an cire batir. A galibinsu akan gyara wannan ta hanyar rufe gilashin a ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙoƙi. Kada a yi sakaci da wannan, domin tsarin da ke sa gilashi ya koma ƙasa idan ya matse hannun yaro ya dogara da shi. A ƙarshe a mayar da leda da murfi, a kwara ruwa daga waje a ga ko yana yoyo.

Ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku da ba ya motsi, a wasu motocin da gam na musamman ake manna shi, wanda ke buƙatar lokaci kafin ya kama. Sau da yawa ya fi babban wuyar samu da wuyar sawa, don haka wanda makulli ya kulle wa ya nemi mai buɗe ƙofa kafin ya ce zai fasa ƙaramin domin ya rage asara.

Kammalawa

Abubuwa uku ne mai mota zai tsaya a kansu ko da bai san komai na kanikanci ba: ya ga tambarin sabon gilashi da idonsa ya dace da na sauran ƙofofi, ya tsaya a share cikin ƙofa a gabansa, ya kuma tabbatar an mayar da leda an gwada gilashin kafin a rufe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Bambancin kuɗin da ke tsakanin gilashin ƙwarai da yankakken gilashin gida bai kai kuɗin ɗinki a asibiti ba, balle abin da ya fi haka. Allah ya kiyaye mu da tsautsayin hanya, amin.