Yadda lallashin Hitila ya kai duniya ga Yaƙi na Biyu

Ranar 30 ga Satumban 1938, Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya dawo Landan daga birnin Munich na Jamus riƙe da takarda mai sa hannun Adolf Hitila. Jama'a suka tarbe shi da sowa, a zatonsu an kauce wa yaƙi. Ba a cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Me ya sa sulhun ya wargaje da wuri haka?

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ƙayyade mata sojoji 100,000, an hana ta rundunar sama, an kuma haramta mata girke dakaru a Rhineland, yankinta da ke maƙwabtaka da Faransa. Da Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, sai ya shiga warware sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, yana auna martanin Birtaniya da Faransa.

A Maris na 1935 ya dawo da aikin soja na dole. Wata uku bayan haka Birtaniya ta amince masa ya gina rundunar ruwa da ta kai kashi 35 cikin 100 na tata. A Maris na 1936 ya tura dakaru Rhineland, Faransa ba ta motsa ba. A Maris na 1938 ya haɗe Ostiriya da Jamus, abin ya tsaya ga Allah wadai na fatar baki.

Shugabannin ƙasashen biyu suna da dalilansu. Faransa kaɗai ta rasa sojoji fiye da miliyan ɗaya a yaƙin farko, kuma talakawa ba sa son a maimaita. Tattalin arziki bai gama farfaɗowa ba, makamai ba su wadata ba, sannan da yawa a Birtaniya na ganin an zalunci Jamus a 1919. Lissafinsu shi ne idan aka biya wa Hitila buƙatunsa zai natsu.

Daga nan ya juya kan Sudetenland, yankin Cekoslobakiya mai mutum kusan miliyan uku masu magana da Jamusanci. A taron Munich, Chamberlain da Edouard Daladier na Faransa da Benito Mussolini na Italiya suka sallama masa yankin. Masu ƙasar ba a ba su kujera a teburin ba, duk da cewa akwai yarjejeniyar tsaro tsakaninsu da Faransa. Tare da yankin, Cekoslobakiya ta rasa ganuwar tsaron da ta gina a kan duwatsun iyakarta. Ranar 15 ga Maris, 1939, sojojin Jamus suka shiga Prague ba tare da turjiya ba, masana'antar makamai ta Skoda ta faɗa hannunsu.

Wannan ya tona asirin Hitila, domin Cekawa ba Jamusawa ba ne. Birtaniya da Faransa suka yi alƙawarin kare Foland, amma Hitila ya riga ya saba ganin suna ja da baya. Shi ma Stalin, da aka ware shi daga taron Munich, ya ƙulla yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da Jamus ranar 23 ga Agusta, tare da shirin sirri na raba Foland. Jamus ta auka wa Foland ranar 1 ga Satumba, kwana biyu bayan haka Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi. Wutar ta ci gomman miliyoyin rayuka, ta kuma kai dubban sojojin Najeriya har dazuzzukan Bama.

Har yau 'yan siyasa kan ambaci Munich duk lokacin da suke son ƙin tattaunawa da abokin gaba. Sai dai darasin bai kai nan ba. Tambayoyin da ya kamata a yi su ne: shin buƙatar mai barazanar tana da iyaka? Shin rangwamen zai ƙara masa ƙarfi? Wa zai biya farashin, kuma an ji ta bakinsa? A 1938 an kauce wa dukkan ukun, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.