Wuƙar Lambu Mai Haƙora: Abin Dubawa Kafin A Zaro Kuɗi

Idan hunturu ya fara ja da baya, ƙamshin albasa ne ke fara tarar mai shiga fadamun Bunsuru da Gagare, gulaben da ke haɗuwa a wannan yanki na ƙasar Gobir su zama Gulbin Rima. Daga Isa har Sabon Birni, mai noman rani ba ya rabuwa da fartanya da lauje da adda. Sai dai ayyukan da suka fi cinye masa yini ƙanana ne, waɗanda adda ta yi musu girma, lauje kuma bai dace da su ba: farke bakin buhun taki, yanke igiyar da aka ɗaure kaya da ita, datse tiyon injin ban-ruwa daidai inda ya fashe, rage lawashi daga kan albasa, tsinke kuɓewa ba tare da an karya uwar ba. Wannan ne ya sa 'yar wuƙar nan mai ninkewa ta samu gurbi a aljihun masu lambu, musamman mai haƙora irin na zarto.

Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, wadda mutanen Isa ke ci tun kaka da kakanni, ana samun ta a shimfiɗe kan tabarmar 'yan koli, tsakanin tocila da kwaɗo da batir. Dattijo ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya buɗe, ta yi ƙas.

"Wagga Jamus ta, Baba," in ji mai kaya. "Ko ƙarfe ka ɗora mata sai ta raba shi."

"Yaro, ba ƙarfe zan yanka ba, igiya ta da kara," in ji dattijon, yana jijjiga ruwan wuƙar da yatsu biyu ya ji ko tana rawa.

Dattijon ya fi mai kayan gaskiya. A wuƙa mai araha, ƙyalli da sunan da aka buga a jiki su ne na ƙarshen abin dubawa. Abin da ke raba mai amfani da ta banza uku ne: haƙoranta, maƙallinta, da ƙusar da ruwan ke juyawa a kai.

Amfanin haƙora a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa gwada yanka igiyar nailan da dakusasshiyar wuƙa. Kaifi mai santsi yana baza ƙarfin hannu a kan tsawon baki gaba ɗaya, don haka da zarar ya ɗan dakushe sai ya riƙa zamewa. Haƙora kuwa suna tara ƙarfin a kan 'yan tsinaye kaɗan, su huda fatar abin, sannan lungunan da ke tsakaninsu su kama zaren su tsinka shi ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma wata fa'ida: idan wuƙar ta gogi ƙasa ko dutse, tsinayen ne ke shan wuya, kaifin da ke cikin lungu yana ɓoye. Shi ya sa wuƙa mai haƙora, ko da ƙarfenta ba wani na a-zo-a-gani ba ne, takan daɗe tana yanka kaba da rama da buhu bayan 'yar'uwarta mai santsi ta gaji.

Dabarar tsohuwa ce, domin manoman zamanin da sun yi girbi da lauje mai haƙoran ƙanƙarar dutse tun kafin a san ƙira. Amma a wuƙar aljihu ba ta daɗe da yaɗuwa ba. Kamfanin Spyderco na jihar Kolorado a Amurka ne ya shahara da ita a farkon shekarun 1980, daga nan masana'antu suka bi sahu. Mafi yawan masu arahar da ke shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma a yau daga ƙasar Sin suke, inda birnin Yangjiang na lardin Guangdong ya zama cibiyar ƙera wuƙaƙe da almakashi.

Haƙoran ma iri-iri ne. Akwai ƙanana masu yawa, sirara kamar na mataji, akwai kuma manya masu faɗin lungu. Ƙananan suna burgewa a ranar farko, amma ƙasa da ruwan ganye kan toshe su, kuma idan suka dakushe babu yadda za a yi da su. Masu faɗin lungu su ne na lambu: suna wankuwa, suna kuma wasuwa. Wanda zai sayi wuƙa ɗaya tak, ya fi masa ya nemi mai baki biyu a ruwa guda, wato rabin da ke kusa da ƙota mai haƙora, rabin da ke wajen tsini mai santsi. Da gindin zai yanka igiya da tiyo, da gaban kuma ya fere rogo ko ya yanka tumatir.

Daga nan sai maƙalli, kuma a nan ne lauje yake cikin naɗi. Wuƙa mai haƙora jan ta ake yi gaba da baya, wani lokaci ta maƙale a cikin kara, mutum ya fizga. Idan babu abin da ya riƙe ruwan da kyau, sai ya rufo a kan yatsu, kuma raunin haƙora yagewa ne, ya fi na aska wuyar haɗewa. Wasu wuƙaƙen ba su da maƙalli sam, ƙarfen bayansu ne kawai ke tokare ruwan. Waɗannan sun isa fere goro, amma ba aikin fadama ba. Masu maƙalli sun kasu uku a kasuwa: mai maɓalli a gadon baya, wanda sai an danna ruwan ke saki, mai siririn ƙarfe a cikin ƙota da ke faɗawa bayan ruwan idan an buɗe, da mai zobe. A cikin masu araha, na gadon baya ya fi zama abin dogaro, muddin ana kakkaɓe yashin da ke shiga ramin da yake kamawa. Na cikin ƙota kuwa sai an duba: idan siririn ƙarfen bakin ruwan kawai ya ɗan lasa, ko kuma ya zarce har ɗaya gefen, a ajiye ta.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. A buɗe wuƙar, a riƙe ƙotar ta yadda babu yatsa ko ɗaya a kan hanyar da ruwan zai bi idan ya rufo, sannan a danna bayan ruwan a jikin benci ko turmi. Idan ya motsa, ba ta yi ba. Sai a kama ruwan ta baya a jijjiga shi hagu da dama. Rawa kaɗan a ranar saye, girgiɗi ce bayan wata guda. Idan ƙusar mai noti ce, ana iya ɗaure ta da sukudireba. Idan dasasshiya ce, maƙeri na iya ɗora ta a kan uwar maƙera ya ɗan dandaƙa ta matse. Wadda ba ta gyaruwa ita ce mai ƙotar roba zalla, babu ƙarfe a ciki, domin ramin ƙusar ne ke buɗewa.

Batun ƙarfe shi ne inda mai kaya ya fi samun bakin magana. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913, sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Taurin da ke riƙe kaifi kuwa daga kabon yake zuwa. Wuƙaƙen Sin da yawa suna ɗauke da 'yan haruffa a gindin ruwa da ke faɗin gaskiyar abin da ke cikinsu. Idan an ga 3Cr13, kabon ɗin kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, kuromiyam kuma 13: ba ta tsatsa da wuri, amma tana da laushi. Idan an ga 8Cr13MoV, kabon ya kai kusan kashi 0.8, kaifinta ya fi daɗewa, kuma ta cancanci ɗan ƙarin kuɗi. Kalmomin Stainless da Inox da Rostfrei duk abu ɗaya suke nufi da Turanci da Faransanci da Jamusanci, cewa ƙarfen ba ya saurin tsatsa. Ba su ce komai ba game da inganci.

Ga mai aiki cikin laka da ruwa da takin zamani, marar tsatsar ta fi, musamman da yake tsatsa a lungun haƙora take fara zama, inda tsumma ba ya kaiwa. Baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu, wanda sau da yawa daga sifirin mota ake sarrafa shi, ya fi ɗaukar kaifi ya kuma fi sauƙin wasawa, amma yana son a goge shi a shafa masa mai kullum.

Kiran wuƙa da sunan Jamus ba daga sama ya faɗo ba. A birnin Solingen aka fara ƙera wuƙar Okapi a 1902, musamman domin kasuwannin Afirka, kuma a 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Faransawa ma sun yi nasu: Opinel mai ƙotar itace tun 1890, wadda aka ƙara wa zoben kullewa a 1955, da Douk-Douk ta garin Thiers a 1929, wadda ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Duk ukun wuƙaƙen talaka ne, an yi su da araha domin aiki, kuma asalin bakinsu mai santsi ne. Sunan Solingen har doka ce ke kare shi a Jamus, amma dokar ba ta hana wani a wata nahiya buga haruffan a kan gwangwani. Wuƙar da aka rubuta wa babban suna, ana kuma sayar da ita kuɗin kwanon abinci, suna kawai aka ara mata. Gara marar suna da ta ci gwajin benci.

Akwai kuma ayyukan da ba na mai haƙora ba ne ko kaɗan. Mai auren mangwaro ko lemo yana buƙatar yanka ɗaya mai sulɓi, yadda fuskokin itacen biyu za su manne ba tare da rata ba. Haƙora kan yage ɓawon, auren ya ƙi kamawa. Wannan aikin aska ne ko reza. Haka ma rage rassan gwaiba masu kauri, na zarto ne, sarar rake kuma na adda. Wajen yanke ganyen albasa kuwa mai haƙora tana aiki sosai, amma a bari wuyan ya bushe tukuna, a kuma bar masa tsawon kamar gaɓar yatsa, domin albasar da aka yanke ɗanya dab da kai ita ce ke fara ruɓa a rumbu.

Wasa mai haƙora ma da bambanci. Wanda ya goga ta a kan dutse kamar wuƙar fawa, haƙoran zai cinye. Galibi gefe ɗaya kawai aka fiƙe su, ɗaya gefen a shafe yake. Sai a samu siririn magagari mai zagaye, ko a naɗe sanfefa mai laushi a jikin ƙusa daidai faɗin lungun, a bi su ɗaya-ɗaya ta gefen da aka fiƙe, kowanne 'yan shafa kaɗan. Idan an gama, a kwantar da shafaffen gefen a kan dutse a ja shi a hankali sau biyu ko uku don cire ɗan gashin ƙarfen da ya tashi. Aikin hira ɗaya ne a gindin bishiya, kuma ba kullum ake yin sa ba.

Tsafta ba ta wuƙar kaɗai ba ce, har da amfanin gona. Cutar nan mai sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare tana kama tumatir da tattasai, kuma ta hannu da bakin kayan aiki take bi daga shuka zuwa shuka. Lungun haƙora wuri ne mai riƙe ruwan ganye. Idan an taɓa shukar da ake zargi, a wanke wuƙar da sabulu, a tsoma ta cikin ruwan bilic, awo ɗaya na bilic da awo tara na ruwa, sannan a ɗauraye a shanya, a ɗiga man keken ɗinki a kan ƙusar. Shi ma mai lambun ya kula da kansa. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ba a cikin tsatsa ba kamar yadda aka ɗauka. Wanda wuƙar lambu ta yanka da zurfi ya wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, ya nufi asibiti a duba batun allurar rigakafi, kada ya cusa ƙasa ko toka a raunin.

Halin da gabashin Sakkwato ke ciki ya ƙara wani abin lura. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sa hanyoyin Isa da Sabon Birni cike da shingayen bincike, kuma duk abin da ya yi kama da makami yana jawo tambaya. Ruwan wuƙar lambu ba ya buƙatar wuce tsawon yatsa manuni, wato santimita 7 zuwa 9. Masu buɗewa da kansu idan an danna maɓalli, da masu zanen kwanyar kai da baƙin fenti irin na fim, ba su ƙara komai a aiki, sai dai su ƙara wa mai su bayani a bakin shinge. Ƙota mai launin ja ko ruwan lemo ta fi, don ko ta faɗi cikin kwamin albasa ana hango ta, kuma idan tana da 'yar huda a gindi sai a zura igiya a rataye. In an tashi daga fadama, a bar ta cikin buhun kayan aiki, nesa da hannun yara.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma lambu ba ado ake nema ba. Wuƙa matsakaiciya marar tsatsa, mai faɗin haƙora a rabin baki, mai maƙallin da ba ya saki da ƙusar da ba ta rawa, za ta fitar da mai ita noman rani fiye da ɗaya ba tare da ta cinye ribar buhun albasa ba. Mai niyyar saye ya tafi kasuwa da guntun igiyar nailan a aljihu, ya nemi izinin mai kaya ya gwada a gabansa. Idan mai kayan ya hana, sai ya matsa tabarma ta gaba.