Kafin Ka Kafa Tanti A Gona, Ɗaga Shi Daga Ƙasa

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauci

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, in Allah ya hore musu ɗan abin hannu, abu na farko da sukan yi shi ne su aiko gida a saya musu gona. Wannan dabara ce mai kyau, babu mai ja. Amma fa garin Bauci ya cika ya tumbatsa. Tun 1976 da ya zama hedkwatar jiha gine-gine ke cin gonaki, har wurare irin su Shadawanka, inda barikin rundunar sojan igwa ta 33 yake, waɗanda a da ake ɗauka bayan gari ne, yanzu gari ya cim musu. Saboda haka mai neman gona mai ɗan faɗi sai ya nausa gaba, wajen Durum ko Liman Katagum, ko ma ya wuce nan.

Ga shi kuwa mutum ya ɗauko hutun mako 2 ko 3 ne kacal daga wurin sana'arsa don ya tsaya a kan shuka ko girbi. In ya ce kullum zai yi sammako daga gari ya komo da yamma, kuɗin mota ya cinye ribar, barin amfanin gona shi kaɗai da dare lokacin kaka kuwa, kowa ya san abin da yake jawowa. Gina ɗaki a gonar da ba a kwana cikinta sai wata guda a shekara ba kowa ke da halinsa ba. Shi ya sa wasu ke tahowa da tanti ko tamfol daga kasuwannin gwanjo na Kudu, su kafa a gefen gona su da 'yan ƙodago.

Tanti ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu laima suke ce masa, kalmar da muka aro daga Larabci, kuma duk wanda ya yi maƙwabtaka da bariki ya ga yadda soja ke kafa nasu cikin ɗan lokaci. Abin da akan manta shi ne, tanti rufi ne kawai, ba shi da daɓe. Mai kwana cikinsa a ƙasa yake kwance, kuma ƙasar dawa da damina tana da masu ita.

Masu Ƙasa

Na farkonsu ruwa ne. Garin Bauci kan samu ruwan sama wajen milimita 1,000 ko sama da haka a shekara, watau kimanin inci 40, kuma kusan dukkansa tsakanin watan Mayu da Oktoba yake sauka, ya fi ƙarfi a Agusta. To, mai karatu ya yi lissafi da kansa: ruwan inci 1 in ya sauka a kan rufi mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, lita 340 ke nan, ya fi duro ɗaya da rabi. Duk wannan ruwa a gindin tanti yake zuba, ban da wanda ke gangarowa daga tudu. Ƙasar Bauci kuwa ta duwatsu ce, ruwa ba ya tsayawa a kan dutse, da gudu yake saukowa.

Na biyu gara, wadda dare ɗaya ya ishe ta ta huda tabarma da buhun hatsi. Na uku kunama. Na huɗu, wanda shi ne dalilin rubuta wannan bayani, maciji.

Mutanen wannan yanki ba sai an ba su labarin kububuwa ba. Kaltungo, wadda ke cikin Jihar Bauci kafin a yanke Jihar Gwambe a 1996, tana da asibiti na musamman don masu saran maciji kawai, kuma da damina da kaka ne gadajensa ke cika. Kububuwa da kasa sun fi samun mutum a ƙafa yana noma ko yana tafiya da dare ba fitila. Gamsheƙa kuwa halinta dabam ne, ita takan shigo har makwanci tana bin ɓera da kwaɗi. Likitocin da suka yi bincike a asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970, ciki har da Dokta David Warrell, sun lura cewa da yawa daga waɗanda gamsheƙa ta sara ta same su ne da dare suna barci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ba a ce maciji ba ya iya hawa ba, yana iyawa. Amma wanda ya kwanta sama da ƙasa, ya kuma cusa gidan sauro a ƙarƙashin katifarsa ta ko'ina, ya rage wa kansa hatsari ƙwarai da gaske.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Dubi rumbu: babu Bahaushen da ke ɗora shi a kan ƙasa tsirara, sai ya jera duwatsu ya ɗaga shi. Leƙa bukkar Bafillatana a ruga, za ka tarar da gadonta na kara a bisa 'yan sanduna masu gwafa. Mai gadin gona ma rumfa yake ɗagawa. In an yi wa dawa da gero wannan gata, ai mai gonar ya fi cancanta.

Zaɓen Wuri

Kada a kafa a kwari ko bakin fadama, komai kyan inuwar wurin. A nemi ɗan tudu mai gangara kaɗan, a duba inda ruwa ya bar yashi da shara a daminar bara, a kauce masa. Kada a kafa gindin doguwar itaciya da ke tsaye ita kaɗai, ko kan ƙoƙuwar dutse, saboda tsawa da karyewar reshe. A nisanci suri da tarin duwatsu da tsohon rami, nan ne gidajen waɗanda muka ambata. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, magina na gargajiya ma bangon gabas suka fi ba kulawa, don haka ƙofar tanti ta dubi yamma.

Sa'an nan sai maganar mutane. Gona taka ce, amma a gaida mai unguwa a shaida masa za a kwana, don kada a ga wuta da dare a ɗauke ka wani abu dabam, musamman a wannan zamani da hankali ba ya kwance da baƙuwar fuska a daji. A tambaya kuma inda burtali ya bi. Wanda ya dasa dandamali a kan hanyar shanu ya sayo wa kansa rigimar da ba ta ƙarewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke ba da takardarsu, kuma gonakin da ke bakin gari sukan faɗa ko nan ko can. Wanda filinsa ke kusa da bariki ko gandun daji, ya tabbatar da iyaka tun kafin ya haƙa rami ko ɗaya.

Dandamalin Katako

Katako a kasuwa yawanci ƙafa 12 yake zuwa, saboda haka dandamali mai ƙafa 12 kowane gefe ba ya barin guntaye. Ga abin da zai ci: ginshiƙai 12, kowane ƙafa 4, katako tu-bai-sikis guda 3, tu-bai-fo guda 10, falanki mai faɗin inci 12 guda 12 ko 13, ƙusa 'yar inci 4 da 'yar inci 3, sai maganin gara.

Da farko a share wurin a kafa turaku huɗu a ja igiya. Don kusurwa ta tsaya daidai, a auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5 cif, to kusurwa ta yi. In bai ba da ba, a gyara turke tun yanzu, domin kuskuren da aka bari a nan shi zai bi aikin har falankin ƙarshe.

A haƙa ramuka layi 3, tsakanin layi da layi ƙafa 6, kowane layi rami 4, tsakaninsu ƙafa 4. Zurfin rami ƙafa 2. A sa faffaɗan dutse a gindi, a tsayar da ginshiƙi, a cika da tsakuwa da marmara ana dannawa da taɓarya. Abin da ya saura a waje wajen ƙafa 2 ke nan, ya isa iska ta ratsa, ya kuma isa mutum ya haska tocila ya ga abin da ke ƙarƙashi. Tun da ƙasa ba ta zama daidai, kada a auna tsayin ginshiƙai daga ƙasa. A samo siririn tiyo mai nuna abin da ke cikinsa, irin na magina, a cika shi da ruwa, a riƙe baki ɗaya a ginshiƙin farko, a bi sauran da ɗaya bakin ana yin alama inda ruwa ya tsaya, sa'an nan a yanke su a kan alamar.

Wane itace? Nan ne ake asarar kuɗi. Farin katako mai laushi irin obece da ake kawowa daga Kudu yana da araha, amma abincin gara ne, ba zai ga damina biyu a cikin ƙasa ba. Kirya ita ce sarauniya a wannan aiki, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Azarar giginya ma an san ta da jimiri tun a soron kakanni. Ƙawo da maɗaci suna da ƙarfi in an samu. Amma a saya a wurin 'yan katako, kada a ɗauki gatari a shiga dajin hukuma, don malaman daji ba su san wai kai baƙo ne daga Ikko ba. Ko wane iri aka samu, a babbake gindin da zai shiga ƙasa sama-sama, a shafe shi da Solignum. Wasu baƙin mai suke shafawa don sauƙin kuɗi, sai dai yana ɓata ƙasa, bai kamata a yi shi kusa da rijiya ko shuka ba. A kan kowane ginshiƙi kuma a kifa ɗan gutsuren kwano mai baki a waje. Ba ya hana gara hawa gaba ɗaya, amma yana tilasta mata ta fito da hanyarta fili inda ido zai gani a kankare.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Tu-bai-sikis guda 3 su hau layukan ginshiƙai a tsaye bisa gefensu, ba a kwance ba, domin a tsaye katako ya fi ɗaukar nauyi. Tu-bai-fo guda 10 su gitta a kansu, inci 16 tsakani. Sai falanki ya gitta a kan waɗannan, a bar tazarar kaurin ƙusa tsakanin kowane biyu don ruwa da ƙura su zube.

Abu guda da kafintocin gari kan manta, don ba su saba da tanti ba: kada dandamali ya fi gindin tanti faɗi ta baya da gefe biyu. In ya fi, ruwan rufi a kan falanki zai zuba ya kwararo ƙarƙashin shimfiɗa, ka ga an gudu ba a tsira ba. Bakin tamfol ya sauko ya rufe gefen katako, rarar wuri ta kasance a gaba kawai inda za a ajiye takalma da buta. Igiyoyin tanti kuma a ɗaure su a jikin ginshiƙai ko a turakun ƙarfe da aka buga a ƙasa, a kuma zagaya da 'yar magudana ta wajen tudu.

Na Ƙasa Da Dutse

Wanda katako ya yi wa tsada, ga dutse nan a Bauci ba iyaka. A jera shi zagaye kamar dakali, tsayin ƙafa 1 da rabi, a cika ciki da tsakuwa sa'an nan marmara, ana yayyafa ruwa ana daɓewa kaɗan-kaɗan, a gama da makuba yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki, ko a yi masa ɗan siminti. Gara ba ta cin wannan, wuta ba ta cinsa. Aibinsa biyu ne: sanyin ƙasa na tasowa ta cikinsa sai an shimfiɗa leda, kuma ba ya ɗaukuwa. In gonar aro ce ko haya, mai ita yana iya cewa gini aka yi masa. A toshe duk wata kafa tsakanin duwatsun, in ba haka ba an gina wa kunama bene.

Wuta ita ce abokiyar gabar tanti ta ƙarshe. Alhazai ba su manta da gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci fiye da mutum 300, bayanta ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantunan da wuta ba ta kamawa. Namu na gwanjo ba irinsu ba ne. Murhu ya yi nisa da tanti, kada a shiga da gawayi mai ci ciki don jin ɗumi, kada a kwana da janareta a bakin ƙofa, hayaƙinsu na kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Da kaka kuma a nome ciyawa taku 10 ta kowane gefe kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta. Abinci a rufe shi a tukunya ko duro, don ɓera ke jawo maciji. In kuma tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

Ranar komawa Kudu, a shanya tantin ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ruma ta cinye shi kafin baɗi. Dandamali yana iya zama inda yake, amma in babu mai gadi gara a ciro falankin, a rubuta wa kowane lamba da fenti, a kai ajiya gidan maƙwabci a ƙauye. A roƙi mai kula da gonar ya riƙa leƙa ginshiƙan sau ɗaya a wata, ya kankare hanyar gara in ya gani.